Motar Yaya Yahuza Ta Shaƙe

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Garzali ne, bakaniken bakin gadar Wudil. Masu cewa rubutuna yana tafiya ba birki, ku yi haƙuri da ni, a ƙaramar sakandare na tsaya, sauran karatun a ƙarƙashin mota na yi shi. Yau kuma akwai ƙuna a bayan hannuna, a hankali nake danna wayar.

Sai na fara muku da Innarmu, don in ba ku san halinta ba, ba za ku gane yadda na shiga ramin da na shiga ba.

Inna Uwani ba ta taɓa kiran sunan Yaya Yahuza ba. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji irin ta mutanen da. In ya durƙusa gaishe ta da safe, sai ta juya tana kora kaji, ta amsa kamar da kajin take. Ni ne ƙaramin namiji a gidan, ni na zama bakinsu tun ban iya ɗaura wando ba. "Ka ce wa wancan tuwonsa zai huce." "Ka ce wa Inna na gode." Alhali suna tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ce kawai tsakaninsu.

Da Babanmu ya rasu, Yaya ne ya bar makaranta ya bi mota. Ya yi kwandasta, ya yi wankin mota a tasha, har ya zama direba. Shi ya aurar da 'yan'uwanmu mata. Shi ya kama hannuna ya kai ni garejin Oga Isyaku ya ce, "Ga amana, a koya masa abin da zai ci." Duk sa'o'insa sun tara iyali, shi ko budurwa bai tsaya yi ba. Abin da ya mallaka a duniya biyu ne: doguwar motarsa mai shan gas, wadda yake jigilar Wudil zuwa Kano da ita, da wani jan sa da yake kiwo a bayan gida saboda ranar aure.

Wata yamma Inna ta kira ni. Tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ɗankwalinta ya zame gefe.

"Zauna. Ka ce wa wancan na yi masa mata."

Na yi dariya. "Kai, Inna! Alhamdulillahi. 'Yar wane gida?"

"Gidan Malam mai injin niƙa na Lajawa. Radiyya. Ranar da muka je suna ita ta yi ta hidima da mu. Yarinya mai natsuwa, ga kunya. Ai ka san gidan, kai kake musu gyara."

Jama'a, na san gidan. Na san shi fiye da yadda Inna take zato.

Gyaran injin niƙan nan ne ya fara kai ni, damina biyu da suka wuce. Ina tsugune cikin baƙin mai, wata yarinya mai hijabi ruwan toka ta ajiye min kwanon fura ta ce, "Injiniya, Baba ya ce ka sha. Amma ka wanke hannu, ludayinmu fari ne." Tun daga ranar injin nan bai ƙara yin wata ɗaya lafiya ba a wurina. Ko bai lalace ba sai na je na ji ƙararsa. Muka saba, muka yi alkawari. Abin da ya hana ni faɗa a gida ɗaya ne: ta yaya ƙane zai ce yana son aure, yayan da ya raine shi yana kwana shi kaɗai a shago? Na ce bari Yaya ya fara, sai na biyo baya.

To ga shi zai fara.

Inna ta ɗago. "Ka yi shiru. Ko akwai wani aibu a gidan?"

Ban taɓa yi wa Inna maganar mace ba, ko a wasa. "Babu aibu, Inna."

"To tashi ka kai."

Na tashi na kai. Da ƙafata na je, da bakina na faɗa. Yaya yana goge gilashin mota, ya tsaya da tsumma a hannu, ya sunkuyar da kai yana murmushi kamar yaro.

"Wadda ta kawo mana ruwa a zaure? Mai ɗan wushirya?"

"Ita."

"Ka ce wa Inna duk abin da ta zaɓa min, na karɓa."

Aka sa ranar Asabar Baffa Tijjani, ƙanen Babanmu, zai ja dattawa su je Lajawa neman izini. Sai motar Yaya ta kwanta. Da labari ya kai wa Baffa, ya aiko da nasa saƙon, ni dai aka ba: shi ba zai je nema wa mutum aure ba alhali abincinsa yana kwance a gareji. In an tambaye shi sana'ar yaro, ya nuna musu me? Mota ta tashi tukuna.

Ranar Alhamis da hantsi Yaya ya shigo da ita garejinmu tana jan jiki, baƙin hayaƙi na bin ta a baya. An yi ruwa da asuba, ƙasa duk caɓi. Ya fito ya rufe ƙofa a hankali kamar kada ya fama mata ciwo.

"Garzali, in na taka totur sai ta yi kamar an riƙe mata wuya. Jiya a hawan gada ɗan adaidaita ya wuce ni, har da yi min hon. 'Yan jami'ar da na ɗauko suka ce in sauke su, da ƙafa za su fi sauri."

"In ka kashe ka sake tayarwa fa?"

"Sai ta ɗan warware. Da na nemi in wuce tirela, sai fitilar gargaɗin nan ta gaban direba ta kama, ta sake shaƙewa."

Direbobin da ke zaune a benci suna shan shayi suka taso, kowa da fatawarsa.

"Turbo ne, ango. Ya tafi."

"Wallahi irin na abokinmu Ja'afar ne sak. Sai da ya sai da fili."

"Amarya ba ta shigo ba, uwargida ta fara yaji!"

Aka kwashe da dariya. Yaya ya yi yaƙe. Oga Isyaku yana shirin tafiya ta'aziyya Gaya, ya leƙa inji, ya gyara hula ya ce, "Motar gidanku ce, Garzali. Kai ka san ta. Abin da ka gani shi ne."

Bari na ɗan yi wa 'yan'uwana mata bayani, don na san wasunku ko bonet ba ku taɓa ɗagawa ba. Turbo wani ƙarfe ne a gefen inji, nannaɗe kamar dodon koɗi. Hayaƙin da inji ya fitar shi ke juya fankar cikinsa, shi kuma ya dinga cusa wa inji iska, mota ta sami ƙarfi. A jikinsa akwai ɗan baƙin akwati da bai fi tafin hannu ba, muna ce masa akcuweta. Yana da ɗan hannu na ƙarfe da ke buɗewa da rufe hanyar hayaƙin, kamar mai gadin ƙofa. In mai gadin nan ya daina aiki, kwamfutar mota sai ta tsorata, ta rage ƙarfi, ta riƙe motar don kada inji ya lalace. Turbo sabo, sai ka sai da sa guda kafin ka saye shi. Akcuweta kuwa ko tunkiya ta isa.

Na fara daga mai sauƙi. Na ciro matatar iska, ba ta toshe ba. Na bi tiyo ɗaya bayan ɗaya ina matsawa, ina neman tsaga, ban samu ba. Na jona na'urar Oga a ƙarƙashin sitiyari, ta ce iskar turbo ba ta kai yadda ake so ba. Ita na'ura haka take, ta gaya maka an yi laifi, ba ta nuna maka mai laifin.

Da inji ya huce na kwance babban tiyo, na zura yatsa na taɓa fankar turbo. Ta juya sumul. Na girgiza ta hagu da dama, ba ta rawa. Babu mai a bakin, babu karce.

Gabana ya faɗi. Turbo lafiyarsa ƙalau.

"Yaya, shiga ka murɗa makulli, kada ka tayar."

Ya murɗa. Na zuba wa ɗan hannun akcuweta ido. Kamata ya yi ya sauka ya hau. Sai ya yi wata 'yar ƙara kamar ƙudan zuma a cikin kwalba, ya karkarwa, ya tsaya cak.

Daga inda Yaya yake zaune, bonet ya kare shi, ba ya ganin komai.

"Ya ka gani?" ya ɗaga murya.

Na ce, "Ina dai dubawa."

Ya fito ya dafa kafaɗata. "Kada ka ji nauyin gaya min. In turbo ne, gobe Juma'a, sai na kai san nan kara, kasuwar shanu. Aure ya jira wata shekarar, Allah bai manta da mu ba. Bari na je na ga dillali."

Ya tafi. Aka bar ni da mota.

Na sa filaya na cire ɗan kilif ɗin da ya haɗa hannun akcuweta da turbo. Na tura mariƙin turbo da yatsa, ya tafi ya dawo ba gardama. Na kwance akwatin, na buɗe shi a kan cinyata. Ruwan laka ya shiga ciki ya bushe, haƙoran wata 'yar giya ta roba sun cinye. Na tuna Yaya ya ce makon jiya ya kai wata mai naƙuda daga Dagumawa, ya keta ruwa har bakin ƙofa.

Ga ciwon nan a tafin hannuna. Babu wanda ya sani sai ni da Allah.

Ku faɗa min gaskiya, ku da kuke karantawa. Ba sai na yi ƙarya ba fa. Kowa ya riga ya ce turbo ne. Gyaɗa kai kawai zan yi. A sai da sa, Asabar ta rushe, ni kuma na sami shekara guda na nemi dabara. Na mayar da akwatin na ɗaure.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Radiyya.

"Injiniya, ka mutu ne ko data ce ta ƙare?"

Ni rubutu yana min wuya in hannuna da mai, murya na tura mata. "Ina gareji. Motar Yaya ce."

"Gwaggona ta gaya min komai. An ce Asabar za a zo daga gidanku. An kuma gaya min sunan wanda za a zo wa. Ba sunanka ba ne."

Na zauna a kan tsohuwar taya.

"Ki yi haƙuri. Ina neman hanya."

"Har yaushe? Ka san Baba ba ya yanke magana sai ya tambaye ni. In ya tambaye ni zan ce a'a. In ya ce don me, zan faɗi sunanka. A gaban Baffanku."

"Don Allah, Radiyya."

"Ni ba zan yi wa Baba ƙarya ba. Ka zaɓa: yayanka ya ji daga bakinka, ko ya ji daga bakin dattawa a tasha."

Can sai ga wani saƙon: "Ka ci abinci kuwa?"

Na rubuta "motar ma ba za ta tashi ba", na kalle shi, na goge.

Da yamma na koma gida. Inna tana tuƙa tuwo, hayaƙi ya cika tsakar gida. Yaya yana bayan ɗaki wajen sansa, ya zuba masa dusa da kanwa, yana sosa masa tozo. San nan tun yana ɗan maraƙi ya saye shi. In ya dawo daga Kano, kafin ya cire takalmi shi yake fara dubawa.

"Ci, mutumina," yake ce masa ƙasa ƙasa. "Ci ka ƙoshi. Ban so muka rabu a haka ba."

Inna ta ce, ba ta kalli kowa ba, "Ka ce wa wancan kada ya sa damuwa. Abin da Allah ya rubuta ba ya wuce lokacinsa."

Na je na faɗa. Ya ce, "Ka ce wa Inna ta sa mu a addu'a." Na dawo na faɗa. Tuwon nan loma biyu na yi na ture.

Da safe na fito da buta, sai na tarar Yaya ya kwance san, ya ɗaura masa sabuwar igiya, ya wanke shi har yana sheƙi. Daga nesa ana jin kukan shanu da ƙarar manyan motoci masu shiga kara. Ya sa tsohuwar rigarsa mai yagaggen aljihu, wadda tun ina makaranta nake ganinta. Na tuna da wannan rigar ya kai ni gareji.

Ya ja igiya, san ya turje a bakin ƙofa.

"Yaya."

"Na'am?"

"Mayar da shi. Ba turbo ba ne."

Ya tsaya yana kallona. Na yi masa bayani a gaggauce, idona a ƙasa. Ya saki igiya ya rungume ni, abin da bai taɓa yi ba.

"Allah ya yi maka albarka, Garzali! Inna! Au... ka ce wa Inna Asabar tana nan!"

Inna tana jin sa sarai, har ta saki guɗa 'yar ƙarama a cikin ɗaki. Duk da haka sai da na je bakin labule na maimaita.

Na je gareji na sake kwance tsohon akcuweta, na nannaɗe shi a leda na hau mota zuwa Kano. A Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota, na sha yawo. Wani ya miƙo min mai kama da shi sak, yana rantsuwa uwarsu ɗaya. Na goge bayansa da yawu na haɗa lambobin, ƙarshensu ya bambanta. Irin wannan in ka ɗaura, zai shiga daidai, amma mota ba za ta san shi ba. Wata zuciyar ta ce, karɓi wannan ɗin mana, ka ce ka yi iya ƙoƙarinka. Na ajiye masa kayansa na yi gaba. A wani lungu wajen wani dattijo na sami mai lamba ɗaya, ɗan Beljiyam, wato na hannu daga waje, soket ɗinsa tsaf. A can na yi sallar Juma'a. Ban san me zan roƙa ba, na ce Allah ya zaɓa mana.

Bayan la'asar na ɗaura shi. Noti uku ne, amma na ƙasan sai ka kwantar da kumatu a kan inji ka laluba da sifana. Da na zo mayar da kilif, ya yi tsalle daga bakin filaya ya faɗa cikin yashi. Abu kamar ƙwayar gero. Direbobi suka taru ana tone ƙasa.

"Aure ya faɗa rairayi!"

"Ango, tsugunna ka nemi rabonka!"

Ni kuwa a raina cewa nake, Allah ya sa ya ɓata. Amma hannuna da kansa ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifika ya bi ƙasa da shi. Ƙyas, kilif ya manne.

Na jona soket, na sa na'ura ta koya wa sabon akcuweta iyakarsa. Ɗan hannun ya sauka har ƙasa, ya hau har sama, a natse, kamar mai gaishe da surukai. Na goge laifin da kwamfuta ta riƙe, na tayar. Inji ya ɗauka lafiya, hayaƙi ya washe. Da ya yi zafi na leƙa in tabbatar kilif ya zauna, hankalina yana Lajawa, bayan hannuna ya taɓa turbo. Nan na sami ƙunar da na gaya muku.

"Shiga mu gwada ta," in ji Yaya.

Kafin ya ja na ce, "Daga yau, in ka yi gudu, kada ka kashe ta nan take. Ka bar inji ya ɗan yi aiki a tsaye, turbo ya huce. Kuma ka daina keta ruwa."

"To, Injiniya."

Sunan ya soke ni. Mutum ɗaya ce take kirana haka.

A hawan gada ya taka. Turbo ya yi fito siriri, mota ta miƙe, kujera ta tura min baya. Muka wuce tirela, muka wuce masu kifi suna ɗaga mana manyan tarwaɗa. Yaya ya buga sitiyari yana dariya.

"Ka ji ta! Wallahi ko ranar da na saye ta ba ta yi haka ba!"

Ya juyo, maimakon gida sai na ga ya ɗauki hanyar Lajawa.

"Ina za mu, Yaya?"

"Ba shiga za mu yi ba. In ga hanya dai, kada gobe na kai dattawa cikin rami." Ya sosa ƙeya. "Na karɓo ɗinkina. Shadda ruwan sararin samaniya. Tela ya ce ta yi min kyau, ban sani ba ko zolaya ce."

Gero ya yi tsayi hagu da dama, ya rufe ko'ina, hanya ta zama kamar lungu. Gilashi a rufe, iska ba ta shiga. Na ji kamar ni aka riƙe wa wuya.

"Garzali, kai ka san gidan. Me take so? Turare? Ni ban iya maganar mata ba, ka sani. Ina so kafin gobe ka kai mata saƙo. Ka ce mata ni ba mai kuɗi ba ne, amma ba za ta yi kuka a gidana ba. Ka ce mata..."

"Yaya."

"...in tana son ci gaba da karatu ma..."

"Yaya, wannan saƙon ba zan iya kaiwa ba."

Ya waiwayo. "Me ya sa?"

Tunda nake ban taɓa mayar da saƙo ba. Na kalli ƙunar hannuna.

"Ni nake zuwa wajenta. Damina biyu ke nan. Mun yi alkawari."

Bai taka birki da ƙarfi ba. A hankali ya sauka gefen hanya ya tsaya. Hannunsa ya tafi kan makulli, sai ya fasa, ya bar inji yana aiki kamar yadda na koya masa. Wani mai amalanke ya wuce ya yi mana sallama, Yaya ya amsa masa.

"Ranar da ka kawo min saƙon Inna," ya ce, yana kallon gaba, "ka sani?"

"Na sani."

"Jiya da na ce zan sai da sa, ka riga ka gano ciwon motar?"

"Na gano."

"Da ka yi shiru, da Asabar ta rushe."

"Eh."

Ya daɗe yana shafa sitiyari da babban yatsa. Idonsa ya kaɗa, amma muryarsa ba ta tashi ba.

"Ka bar ni na je wajen tela, Garzali. Ka bar 'yan tasha suna ce min ango."

"Ka yafe min, Yaya. Kunya ce."

"Kunya." Ya yi wata gajeriyar dariya. "Gidanmu kunya za ta kashe mu."

Ya sa giya ya juya. Muka dawo unguwarmu, Sabon Garin Wudil. A ƙofar gida ya tsaya, ya jira inji ya huce, sannan ya kashe.

Na ce, "Me zan ce wa Inna?"

"Ba abin da za ka ce. Zauna nan."

Ta zaure na hango shi. Ya ratsa tsakar gida, ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin igiyar shanya, ya cire takalmi a bakin ɗakin Inna, ya yi sallama. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin ƙafarsa a ɗakin nan ba. Can aka amsa. Ya ɗaga labule ya shiga.

Na jingina da mota, bonet da ɗuminsa. Wayata ta yi ƙara.

"Injiniya, gobe fa Asabar."

Na rubuta da kaina, harafi harafi: "Na faɗa masa."

"Me ya ce?"

"Yana ɗakin Inna."

"ƊAKIN INNA? Innalillahi."

Aka fara kiran magariba a masallacin unguwa. San ya yi kuka a bayan gida, lokacin dusarsa ya yi. Ban motsa ba.

Sai ga Yaya ya fito. Ya sa takalmi, ya zo ya tsaya a gabana, hannunsa a baya, kamar yadda nake tsayawa a gabansa in an aiko ni.

"Inna ta ce in gaya maka," ya ce, sai ya tsaya ya gyara murya, don bai saba ba. "Ta ce ka je ka yi aski, ka kankare baƙin man nan. Ba za a je nema wa ƙazami aure ba."

Na durƙusa a wurin.

"Tashi, ban gama ba. Ta ce kuma kada ka taka ɗakinta sai ta neme ka. In kana da magana, ka ba ni in kai."

"Yaya, kai fa?"

"Ni zan tuƙa dattawa. Motata ce." Ya ɗauki buta a bakin zaure, ya zuba ruwa a hannu, bai kalle ni ba. "Shaddar tana kan gadona. Za ta yi maka yawa a kafaɗa, ka kai a rage."

Ya fara alwala. Da ya wanke fuska ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya ce, "In an idar da salla ka biyo ni gidan Baffa. Shi bai san an canja ango ba. Wannan kuwa ba mai kai maka, da bakinka za ka faɗa."